Kwana Shida da Na Bar Filin Unguwarmu

Tun da na dawo daga Nijar ba ni da sakat. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna teburin mai shayi a tare ni, har mai faci na bakin layinmu, wanda bai taɓa wuce garin Giwa ba, ya tsare ni wai in gaya masa ko gaskiya ne a can hukuma tana saya wa tumaki fili. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa abin da ya yi masa daɗi yake tsinta daga bakina ya yi gaba da shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Na kuma san akwai masu tambayar da ba Nijar ce ta dame su ba, wani abu dabam suke son ji daga bakina. Su ma za su ji in sun yi haƙuri.

Sunana Iliyasu. Na yi shekara talatin ina yankan rasit a kasuwa a ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya. Aikin ya bar mini ciwon baya, ya kuma bar mini wani hali: in dai maganar kuɗin jama'a ce, ban yarda da kowa ba. Na ga littafin rasit mai tagwaye da idona, ɗaya na ofis ɗaya na aljihu. Matata Hajara takan ce ko liman ne ya ce a gyara sahu, sai na duba ko akwai abin da zai ci a ciki.

A bayan layinmu a Tudun Wada akwai fili guda ɗaya da ya rage ba a gina ba. Gonar gado ce ta gidan marigayi Alhaji Barau, gari ya zo ya kewaye ta. Ruwan layuka huɗu can yake gangarawa ya nutse, ba don shi ba da ɗakunanmu ne matattara. Mata suna shanyar barkono a gefe, masu awaki suna ɗauri, kuma in mutane sun yi yawa a jana'iza can ake yin salla. Sai magada suka ce za su sayar. Ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu ne. Ƙungiyar unguwa ta je ƙaramar hukuma ta roƙi a biya magada a bar wa jama'a filin. Amsar da aka ba mu ita ce wadda na san za a ba mu: abin da yake zuwa duk wata albashi ma da ƙyar yake biya. Amma aka ce in muka kawo hanyar da za a samo kuɗin, za a duba. Magada kuma suka ce za su saurara mana har a cire amfanin gona.

A wajen taron ƙungiya ne wani ya kawo Malam Issufu, Banijare mai kawo albasa kasuwarmu. Ya ce a garinsu, can gaban Maraɗi, ofishin magajin gari ya sayi irin wannan fili ya ajiye wa mutane, kuma ba gwamnatin sama ce ta ba da kuɗin ba. Na ce ƙarya ne, a gabansa na faɗa. Bai ji haushi ba, ya ce in zo in gani. Nan take shugaban ƙungiya, Alhaji Tanimu, ya ce ai magana ta ƙare, babu wanda ya dace a tura sai ni, tunda ni ne ba a iya rufe wa ido. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Ya ba ni kuɗin mota da guzuri mai kauri daga aljihunsa, ya ce kada in yi gaggawa, ko mako biyu ne in yi, in dai zan kwaso komai.

Ranar Litinin da sassafe na shiga motar Katsina a tashar Kwangila, nan Zariya. Direban Bakano ne, yana jin maganata ya gane daga inda na fito. Daga nan har Funtua bai bar ni na huta ba. Wai ya ji an ce Bazazzagi in zai yi tafiya sai ya ƙirga tayoyin mota. Na ce ƙwarai, in direban Bakano ne, domin yana iya sayar da ɗaya muna cikin tafiya. Fasinjoji suka yi ta dariya, ni kuwa rabin maganata da gaske nake.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai farin gemu da ya yi ta miƙo mini abubuwa. Ya ba ni dabino na ce na ƙoshi. A Malumfashi ya sayi gyaɗa ya miƙo, na ce ba ta karɓe ni ba. Ya miƙo ruwa, na ce ina da nawa, alhali nawa ya ƙare tun Funtua. Na sha jin labarin masu sa wa mutum abu a abinci ya farka ba jaka ba takalmi, kuma ni a ganina farin gemu ba shaida ba ne. Haka na isa Katsina maƙogwarona a bushe, shi kuwa ya cinye gyaɗarsa lafiya lau. Da muka sake mota zuwa Jibiya sai ga shi a bayana. Na ce a raina, to, biyo ni yake yi.

A kan iyaka ne na sha kunya. Tun a gida na naɗe kuɗina da katin ɗan ƙasa da katin rigakafi a leda, na cusa a cikin safa, na sa takalmi sau ciki. Da jami'in ya ce takardu, sai na tsaya ina kallonsa, mutane sun yi layi a bayana. Dole na tsuguna na kwance takalmi, na zare safa a gaban mata da maza, na ciro leda ta jiƙe da gumi. Jami'in ya ƙi taɓawa, ya ce in buɗe da kaina in ɗaga masa. A ɗaya ɓangaren kuma aka miƙo mini wata takarda da Faransanci in cika, na juya ta sama na juya ta ƙasa. Dattijon nan ne ya karɓa ya cika mini. Ashe malamin makaranta ne a Maraɗi, ya je Zariya duba 'yarsa da ke karatun jami'a a Kongo. Na yi masa godiya sosai, amma sai da na sa wani ya sake karanta mini abin da ya rubuta.

Abin da na fara lura da shi a ƙetare shi ne jandarmominsu ba sa wasa da takarda, kuma ba sa hira. Namu zai tambaye ka iyali, ya tambaye ka abin da ka kawo masa. Nasu zai sara maka, ya duba hoto, ya duba fuskarka, ya sake duba hoto, har ka fara shakkar ko kai ne. A Maraɗi aka ce in sayi layin waya na ƙasar, domin nawa ya daina aiki tun da muka wuce Ɗan Isa. Mai sayarwa ya ce sai ya ɗauki hoton katina. Na ce hoton katina ba zai kwana a wayar wanda ban sani ba, na bar masa layinsa. A lokacin ina ganin na yi wayo.

Na sauka a wani masauki kusa da tasha. Ɗakin tsaf, da buta da tabarmar salla. Na jawo tebur na tokare ƙofa, na ɗora kujera a kan tebur, na kwana da jakata a ƙarƙashin kai. Da gari ya waye mai kula da wurin ya ƙwanƙwasa. Sai da na yi ta fama na sauke kujera na janye tebur, na buɗe, na same shi riƙe da makulli. Ya ce a jikin ƙofa ya gan shi ta waje, tun jiya na bar shi, kuma ƙofar ma waje take buɗewa. Ya faɗi haka ba tare da ya yi ko murmushi ba, ni kuwa da ya yi dariyar da ta fi mini sauƙi.

Karin kumallonsu wani dogon burodi ne mai tauri da sai ka yi da gaske kafin ka gutsura, da shayi. Da rana na ci abin da suke kira kwabto, zogale ne da ƙuli-ƙuli kamar kwaɗonmu, sai dai sun fi mu sakin hannu da mai. Furarsu kuwa, ko da yake ba na son faɗa, ta fi tamu.

Garin Malam Issufu ba zan faɗi sunansa ba, domin na san halinmu, gobe sai a kwashi kwamiti mota guda a je a dame su, a ci kuɗin alawus. Tafiyar rabin yini ce daga Maraɗi a bayan a-kori-kura, ni da buhunan gishiri da wata akuya da ta ci gefen rigata. Ina sauka na ambaci sunan Malam Issufu, aka nuna mini gidan. Ya karɓe ni kamar ba ni ne na ƙaryata shi a gaban mutane ba, ya ba ni ɗakin zaure, ya sa aka yanka zabo. Wannan ma sai da na yi tunani a kansa, na ce me mai albasa zai samu a wurina da har zai yanka zabo.

Ranar Laraba ya kai ni filin. Yana nan, a tsakiyar gari, ya fi namu girma sau uku. Ba katanga, ba waya, ba allon da aka rubuta sunan wani ciyaman. Bishiyoyi ne suka kewaye shi a jere, gawo da bedi, wato dogon yaro, da aduwa. Issufu ya ce kowace bishiya ta wani gida ce, su suka dasa, su ke ba ta ruwa, kuma kowa ya san ta wa ce. Wanda duk zai ci taku ɗaya daga filin sai ya sare bishiyar wani, mai ita kuwa ba zai yi shiru ba. Mu a wurinmu ɗan guntun siminti ake binnewa a matsayin iyaka, kuma na san mutanen da sana'arsu ke nan su sa shi ya yi tafiya.

Na ce bishiya na gani, kuɗin nake tambaya. Muka zauna ya dafa shayinsu na ƙaramar buta, wanda ake sha sau uku kuma ba a tashi sai an sha na ukun, ya warware mini. Ya ce da mai filin ya so sayarwa, meri, wato ofishin magajin gari, ba ta da kuɗi, kamar dai tamu. Sai majalisar gari ta yanke a ƙara ɗan abu kaɗan a kan kowace dabba da aka sayar ranar kasuwa, da tikiti mai launi dabam, kore, wanda ba ya shiga asusun albashi ko na man mota. Meri ta kuma ba mai filin wasu fulotai a bayan gari a madadin wani kaso na kuɗin. 'Yan garin da ke ci-rani a Legas da Abijan suka aiko da nasu. Sauran aka riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, kasuwa bayan kasuwa, har aka gama. Yanzu kuma koren tikitin bai mutu ba, da shi ake biyan mai gadi, a haɗa da kuɗin ciyawar filin da 'ya'yan gawo da ake gwanjonsu wa masu kiwo, da abin da masu shirya kokawa ke biya in sun ari wurin.

Na saurara har ya gama. Na ce duk na ji, tsari ne mai kyau, irinsa muna da shi a takarda cike da kabad. Abin da nake so in sani shi ne wa ke riƙe da littafin tikiti, kuma wa ke bugo shi. Ya ce in jira gobe kasuwa.

Ban gaya masa shirina ba. Ranar Alhamis tun da hantsi na tafi kara, inda ake cinikin dabbobi, na cika aljihun gaba da tsakuwa. Na samu gindin wata bishiya na rakuɓe. Duk dabbar da na ga an tafa hannu a kanta an ja ta, sai in ɗauki tsakuwa ɗaya in mayar aljihun gefe. Da haka muke kama yaran da ke yankan rasit a da, kuma ban taɓa kuskure ba. Na ga mai tikiti yana yankawa, na ga mai saye da kansa yake jefa kuɗin a wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku da aka ɗaure a jikin turke. Mai tikiti ba ya taɓa kuɗi. Na ce to, a nan sun yi dabara, amma akwati ai buɗe shi ake yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne su ma suna da ido. Baƙo da hular Najeriya, ba ya saye ba ya sayarwa, ya zura wa dabbobin mutane ido tun safe yana motsa hannu a aljihu. Kafin azahar dillalai huɗu suka kewaye ni. Ɗaya ya ce tun ɗazu yake kallona, ɗan leƙen asirin ɓarayin shanu ne. Na ce ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Suka ce wace gwamnatin. Aka tasa ƙeyata zuwa wurin jandarma, aka ce in fito da abin da ke aljihuna, na zube tsakuwa a kan tebur. Jandarman ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce takardu, na sake tsugunawa na kwance takalmi.

Sai bayan la'asar Issufu ya ji labari ya zo, tare da wata dattijuwa doguwa mai carbi a hannu, Hajiya Mariyama, shugabar matan kasuwa. Ita ke riƙe da makulli ɗaya daga cikin ukun, ɗaya yana wurin sarkin dillalai, ɗaya wurin sakataren meri. Da aka gaya mata abin da nake yi da tsakuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce a sake ni, kuma in kwaso tsakuwata in zo da ita wurin buɗe akwati, domin irina suke so.

A tsakiyar kara ake buɗewa, kafin mutane su watse. Aka shimfiɗa tabarma, kowa ya sa makullinsa, aka zazzage. Sarkin dillalai yana ƙirgawa da ƙarfi, mai tikiti yana ƙirga gindin littafinsa, sakatare ya rubuta da alli a jikin bangon rumfa inda na makon jiya yake, da na makon da ya wuce. Wani makiyayi ya ce bai ji ba, aka sake daga farko, ba wanda ya tsuke fuska. Da aka gama Hajiya ta ce in ƙirga tawa. Tikitinsu ya fi tsakuwata yawa nesa ba kusa ba, tunda rabin yinin a wurin jandarma na yi shi. Saboda haka ban kama su ba, kuma ban wanke su ba. Har yau ina cewa da an bar ni na kai yamma a gindin bishiyar nan da na san gaskiya.

Da na kasa samun ɓaraka a akwati sai na nemi mai filin, domin a sanina duk inda aka ce kowa ya ji daɗi, akwai wanda ba a tambaya ba. Ranar Juma'a da safe na same shi, Baba Nomau, tsoho tukuf, yana zaune a bakin filin yana tufkar igiya. Na tambaye shi ko an biya shi duka. Ya ce an biya shi, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Sai dai kafin a gama biyansa farashin fili a tsakiyar gari ya ninka ya sake ninkawa, fulotan bayan garin kuma har yanzu ruwa bai kai can ba. Ya ce mutanen gari suna gaishe shi da girma, in ya shiga kasuwa ba ya biyan kuɗin goro.

"Amma ɗiyana ba su yahe mini ba," in ji shi. "Babban yana Agadas, shekara huɗu bai taka garin ga ba. Ya ce na saida gadonsu don tumakin wasu su samu inuwa."

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ci gaba da tufkarsa, ya ce wata rana e, wata rana a'a. Na ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini, domin na samu abin da na zo nema. Na rubuta shi a littafina na ja masa layi biyu.

Bayan an sauko daga masallaci na je yi wa Hajiya Mariyama godiya. Ta sa aka kawo fura, ta tambaye ni labarin namu filin. Na ba ta tun daga farko, har da yadda aka zaɓe ni saboda ba a iya rufe mini ido, da yadda shugabanmu ya biya kuɗin mota daga aljihunsa ya ce kada in yi gaggawa. Ina faɗa ina jin daɗin kaina. Ta ajiye ludayi.

"Cikin ƙungiyar taku, wa ya hi kowa tada rigima in an zo batun hilin?"

Na ce ni ne, kowa ya sani.

"To wa ke tsaronshi yanzu da kake nan?"

Ta ce lokacin da suke tara kuɗin nasu, akwai masu son a yanka filin a raba, kuma ba su taɓa fitowa sun yi musu da kowa ba. Abin da suka yi shi ne suka samo wa mijinta, wanda shi ne mai baki a lokacin, kujerar wani taro a Yamai, da masauki da kuɗin zama. Ya ƙi zuwa. Ta ce har aka gama biya, ita da shi ba su taɓa barin gari rana ɗaya tare ba.

Furar nan ban shanye ta ba. Na roƙi Issufu aron waya, sai na tarar ban haddace lambar kowa ba sai tawa, sauran suna cikin wayata, ita kuwa ta mutu tun Laraba, na ƙi bayar da ita a yi mini caji a shago don kada a kwashe mini lambobi. Aka samo abin caji, wayata ta kawo, na kwafi lambobi na kira Alhaji Tanimu da wayar Issufu sau uku bai ɗauka ba. Na kira Hajara. Ta ce lafiya lau, sai dai in dawo, maganar ba ta waya ba ce.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Ban ga hanya ba, ban ji abin da direba ke cewa ba, takarduna kuma a hannu na riƙe su. Na bi mota huɗu, na iso Tudun Wada ranar Asabar ana kiran la'asar. Ban shiga gida ba, na sa mai Keke ya zagaya da ni ta bayan layi.

An share dawar da ke gonar tun ba ta nuna ba. An ja igiyoyi, an kafa turaku masu jan fenti layi-layi, har an sauke yashi a wuri biyu. Aikin da na gani ba na kwana shida ba ne, an daɗe da gama shi a takarda, ranar kawai ake jira.

Alhaji Tanimu ya karɓe ni da fara'a, ya ce sannu da hanya, yaya mutanen Nijar. Ya ce abin ya zo da gaggawa ne, wani dillali ya kawo mai saye da kuɗi a hannu, magada suka ce ba za su iya jira ba. Ƙungiya ta ga tunda ba za a iya hanawa ba, gara a nema wa unguwa wani abu, aka samu fuloti biyar na dattawa. Na ce masa ciniki bai ƙare ba sai hukuma ta sa hannu, kuma ni na san ƙofar da ake kai ƙorafi, na san yadda ake rubuta shi, ga kuma littafina cike da hanyar da aka ce mu kawo. Ya ce ƙwarai, ai shi ya sa ake girmama ni. Sannan ya ce in fara shiga gida in huta.

A tsakar gida na tarar da babban ɗana Nura. Shekararsa talatin da shida, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, yana haya a ɗaki ɗaya a Dutsen Abba da matarsa da 'ya'ya uku, kuma sau biyu mai gidan yana ba shi wa'adin tashi. Ni ban gina masa komai ba, domin shekara talatin na yi ina yankan rasit da littafi ɗaya. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya miƙo mini takarda. Fuloti na uku daga cikin biyar ɗin, na kan kwana, da sunana a kai. Shi ya sa hannu a madadina ranar Talata.

Na yi faɗa, na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bari har na gama.

"Baba, in ka kai ƙorafin ba zan hana ka ba," ya ce. "Amma ka zo da kanka ka gaya wa yaran, don tun ranar Laraba suke zuwa suna nuna inda ɗakinsu zai kasance."

Hajara tana ta tankaɗe, na kuwa gane bayan Nura take.

Na rubuta ƙorafin. Shafi huɗu ne, da koren tikiti, da akwati mai kwaɗo uku, da musayar fulotai, da gwanjon ciyawa, har da yadda za a yi a kasuwarmu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Ranar Litinin na sa riga na ɗauka, na kai bakin titi, na ce bari sai gobe in an fi samun sakatare. Gobe ta yi na ce sai an yi albashi hankalinsu ya kwanta. Masu tambayata a masallaci me ya sa na yi shiru, ga amsarku, ba sai kun ƙara zagaye-zagaye da tambayar furar Nijar ba.

Bayan mako uku aka fara haƙa harsashin ginin Nura. Ni na tsaya a kan ma'aikatan, domin ban yarda da birkila a kan siminti ba. Ina tsaye a bakin ramin waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai tsawo. Malam Issufu ne. Ya gaishe ni, ya ce Hajiya Mariyama tana kusa da shi, ita ta ce a kira a ji ko na iske filin lafiya, ko meri ɗinmu ta karɓi shawarar. Mai haƙa yana ta buga diga a gefena, na matsa don kada su ji.

Na ce masa ba na jinsa sosai, layin ba kyau, zan kira shi in na shiga gida. Yau wata biyu ke nan ban kira ba.